Haƙoran Takwarata a Ankara

A Kamba, bakin iyakar Nijar, anka fara sauke mu. Kafin nan babu abin faɗi, hanya ce ta gida. Ina zaune a gaban motar albasa, kusa da ɗan ƙanena Garba, shi ke tuƙi. Albasar Goronyo za mu kai ƙasar Gana.

Ga mutanen gari, jego ya fitar da ni. Dije matar ɗana ta kusa haihuwa a Ankara, babban birnin Gana, uwarta kuwa ta rasu a Gandi tun tana budurwa, babu mai dafa mata ruwan wanka. Wannan gaskiya ne. Amma abin da ya tashe ni daga bisa tabarmata daban yake. Da sallar layya anka nuna mini hoton 'yarsu ta fari a waya, Ummi, wadda anka sa wa sunana. Mata sunka taru suna yaba leshi da takalmi. Ni bakinta na duba. Haƙoran gaba baƙi ƙirin kamar guntayen gawayi, kunci ɗaya ya ɗara ɗaya. Yarinya 'yar shekara bakwai. Na ce a mayar da waya aljihu, na fara haɗa kaya. Gero surfaffe, daddawa, kuka, ƙuli-ƙuli, goruba, ɗaurin asuwaki, da kwando guda na busasshen kifin dam ɗin Goronyo.

Kifin bai ƙetare gada ba. A Gaya ta Nijar, gab da gadar shiga Benin, Garba ya shiga ofis da takardun mota, ya bar ni a inuwa da kayana. Wani mutum ya zo da riga mai walƙiya da kati rataye a wuya. Ya gaishe ni da ladabi, har da durƙusawa.

"Hajiya, mi ke cikin kwandon ga?"

"Kifi."

"Ai kihi bai wucewa sai likita ya duba. Cuta ta yi yawa bana. Kawo in kai miki, yanzu in dawo."

Ya ɗauka ya sha kwana. Da Garba ya fito na gaya masa, ya dafe kai.

"Gwaggo, wa kinka ba?"

"Ma'aikaci."

"Wane ma'aikaci? Rigar ga a kasuwa aka sayen ta! Ɓarawo na!"

Ya zaga bayan rumfuna ya dawo hannu wofi. Ban yi kuka ba, ban yi zagi ba. Abin da na riƙe game da mutumin shi ne haƙoransa reras ne, farare tas. Zai ji daɗin kifin.

Daga Malambil Hausa ta fara raguwa, hanya ta miƙe kudu. A nan na samu lokacin kallon Garba. Da safe shayi da madarar gwangwani mai kauri, ya tsoma burodi. Da rana biskit. In barci ya taso masa, ya buɗe wani lemon kwalba mai hana barci ya kwankwaɗe. Duk abin da ya sa a baki, da gefe ɗaya yake taunawa. Ɗaya gefen ya cusa auduga da kanumfari a cikin kogon haƙori.

Na ce masa, "Ubanka ya koma ga Allah da haƙoransa cif. Har ciwon ajali shina gurgurar ƙashin kan rago."

"Gwaggo, ubana bai tuƙa mota zuwa Gana ba. Ina zan tsaya in dama hura? Albasa jira na takai?"

Akwai gaskiya cikin maganarsa. Na miƙa masa goruba. Ya juya ta a hannu ya aje bisa gilashi, tana ta gangare har munka isa.

Bayan Kandi mota ta mutu a daji. Garba ya hau wata motar ya tafi neman ƙarfen da ya karye. Rana ta yi ta dukan buhuna, warin albasa ya fara sauyawa, ƙudaje sunka taru. Ruwanmu ya ƙare. Da na hango hayaƙi bayan itatuwa, na ɗaura gerona a gefen zane na nufi wurin. Ruga ce. Wata tsohuwar Bafillata na tarar, sa'ata, ba ta jin Hausa ko kalma. Ni kuwa Fillancin da na tsinta a kasuwar Gandi bai wuce gaisuwa da sunan nono ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi ƙafafuna da sunka kumbura, ta shiga bukka ta fito da ƙwaryar ruwa. Ta nuna mini bayan zana na yi wanka. Ta ba ni turminta. Da na ɗaga taɓarya na ji ta sauka, sai gida ya faɗo mini, har na tsaya na dafa bakin turmin. Lokacin nan ne a unguwarmu kowace katanga ke amsa daka. Matar ta karɓi taɓaryar ba ta tambaye ni komai ba, ta ƙarasa mini. Munka dama fura da nononta munka sha a ƙwarya ɗaya. Na ba ta daddawa. Ta shinshina ta yi dariya, na ga bakinta babu giɓi ko ɗaya. Ban san sunanta ba har yau.

Garba ya dawo da ƙarfen, anka gyara mota munka ci gaba. Kwatano da Lome ban riƙe komai nasu ba sai hayaƙin babura da teku. Teku ruwa ne mai yawa wanda ba a ban ruwa da shi. A iyakar Gana anka sa na sauka na taka da ƙafa cikin turereniya, takalmina ya ƙi shiga don kumburi, na riƙe shi a hannu.

Uban Ummi ya tarbe mu a kasuwar albasa. Ɗan fari na ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na dube shi ido da ido ba. Kakarsa ta yaye shi, ita ta riƙe shi. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon buhuna. Garba ne ya yi surutun.

"Yaya Umaru, ga Gwaggo na kawo maka lahiya. Kihinka dai wani ya rigaye ka."

Gidan haya ne a zango, ɗaki da falo, tsakar gida ɗaya da mutane da yawa. Dije ta haihu namiji kafin in iso. Anka turo mini Ummi. Ta tsaya bakin ƙofa da hannu bisa baki.

Na ce, "Ke ce ɓarauniyar da ta sace mini suna? Matso in gan ki."

Ta matso. Na janye hannun. Wari ne ya fara isowa. Na gaba sun ɓuɓɓuge, dasashi ya yi ja, can ciki kuma ramuka. Na ba ta goruba tsaraba. Ta kai baki ta ɗan gwada, ta yi ƙara ta yar.

Na dafa wa Dije ruwa, na dama mata kunun kanwa, na zauna ina kallon yadda gidan ke tafiya. Da safe Ummi ta sha shayi mai madarar gwangwani da burodi. Ta tafi makaranta da biskit da lemon kwali a jaka. Ta dawo a dafa mata taliyar leda, don ita kaɗai take iya haɗiyewa babu tauna. Kafin magariba uban ya shigo da baƙar leda yana kira tun daga zaure.

"Ina uwata? Ina Innata ta kaina? Zo ki karɓi tsarabarki!"

Alewa, cakulan, minti mai sanda. Kullum. Ba ta taunawa, a kunci take ajewa ta yi ta tsotsa, wani lokaci barci ya kwashe ta da ita a ciki. Na duba yaran maƙwabta. Masu cin koko da ƙosai da dokunu, tuwon masararsu, da kifi, mafi yawansu bakinsu lafiya. Waɗanda ake ba kuɗin shago kullum, nasu ya kama hanyar na Ummi. Don haka ban ɗora wa ƙasar Gana laifi ba. Suna da abincinsu na gado, mai nauyi, mai sa muƙamuƙi aiki. Abincin leda ne dai matsalar.

Wata safiya ina watsa wa Dije ruwan zafi da ganye na tambaye ta.

"Ba ki ga bakin yarinyar ga ba?"

"Na gani, Inna."

"To?"

Ta share ruwan fuskarta. "Inna, ɗiyar fari ta. In na cika magana a kanta, a ce ban da kunya. Kuma sunanki gare ta. Ran da na karɓe mata minti, cewa babanta yay yi na ci mutuncin uwarsa a gabansa. Kwana da kwanaki bai ci tuwona ba."

Nan na ga yadda abin ya ɗaure. Uba ba ya iya hana ta komai don uwarsa ce. Uwa ba ta iya magana don 'yar fari ce. Ni kuma mai sunan ba ni magana da uban. Kowa ya riƙe ladabinsa da kyau, bakin yarinya na ruɓewa.

Na gwada ta hanyar da na sani. In ya shigo da leda sai in ɗauki jariri in yi masa magana da ƙarfi. "Kai maigidana, ka ji wasu mutane? Da zaƙi suka kashe uwarsu, suna cewa so ne." Sai ya yi dariya ya juya ga matarsa. "Dije, gaya wa Inna haƙoran nono ne. Za su famfare wasu su fito." Na tuƙa tuwon gero miyar kuka, Ummi ta sa loma ta tofar. Na tattauna mata asuwaki ya yi laushi, da na goga sai jini.

Sai kuncin ya tashi sosai. Uban ya kawo wani mai magani daga tasha, wanda ya ce tsutsa ce ke cin haƙorin. Ya zuba wasu 'ya'yan itace bisa garwashi, ya sa ta buɗe baki ga hayaƙin, ya aje kwanon ruwa a ƙasa. Can ya nuna wasu fararen zare a ruwan ya ce ga tsutsotsin sun faɗo. Mutanen gida sunka yi kabbara. Da ya tafi na tsamo ɗaya na murje a yatsa. Cikin 'ya'yan itacen ne da zafi ya fasa. Na wanke hannuna.

Washegari zazzaɓi ya rufe ta, kumburin ya hau har idon ya kusa rufewa. Ta kwanta bisa cinyata ko ruwa ba ta karɓa. Da la'asar sakaliya uban ya shigo da sauri, da leda.

"Uwata, tashi ga askirim. Mai sanyi ne, zai kwantar miki da shi."

Ya ɗiba a cokali ya sa mata. Ƙarar da ta yi sai da matan tsakar gida sunka leƙo. Shi kuwa ya sake ɗibar wani yana lallashi.

Na ce, "Umaru."

Cokalin ya tsaya a hannunsa. Dije ta saɓi jariri ta fice. Ni kaina na ji sunan a bakina kamar ba Hausa ba.

"Aje wannan. Zauna nan gabana. Dube ni."

Ya zauna a ƙasa. Furfura ta fara fito masa a gemu, ban sani ba sai ran nan.

"Wagga da kaka kira uwarka, ba uwarka ba ta. Ga uwarka nan zaune. Da gero na girma, da gero anka raine ka. In uwarka kaka son yi wa alheri, ga hannuna, kawo ledar." Ya miƙo. "Gobe da sahe ka kai ta ga likitan haƙori na asibiti. Ba na tasha ba."

"To, Inna."

"Ban ƙare ba. Da ni za a."

Likitar mace ce, 'yar ƙasar, ba ta jin Hausa. Dole shi ya yi tafinta, don haka duk abin da ta faɗa sai ya juyo ya maimaita mini da bakinsa. Ta haska fitila ta daɗe tana dubawa. Ta ce na gaba na nono ne, gaskiyarsa, za su faɗi. Amma turame huɗu na can ƙurya, biyu sama biyu ƙasa, ba na nono ba ne. Sun fito ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ba su lura da su, kuma babu wasu a bayansu. Ɗaya ya mutu, shi ya tara mugunya, sai an cire in kumburi ya sauka. Uku za a iya cike su. Ta ce babu tsutsa. Zaƙi ne da ke wuni bisa haƙori, ba a bar baki ya huta ba.

Da ya zo kan maganar babu wasu a bayansu, sai da ya faɗe ta sau biyu.

Ni ma ban tsira ba. Ta ga ina leƙe, ta ce in buɗe nawa. Ta ce suna nan da ƙarfinsu, amma goro da furen taba sun rina su sun cinye kansu, ɗaya ma ya tsage, in rage. Na ji ta. Ban bari ba. Ta ce asuwaki na da kyau, amma yarinyar ta haɗa da buroshi da man goge baki safe da dare. Wannan na karɓa.

Anka ba ta magani, kumburi ya sauka, anka cire ɗayan, anka cike ukun. Leda ta daina shigowa gida. Na fara da kunun gero, na koma ɗanwake, na koma tuwo da nama da na daka mata a turmi. Tana ci tana harara ta. Ta ce abincina ƙasa-ƙasa yake. Na ce haka nan, daga ƙasa ya fito.

Ana gab da arba'in ina wanke kayan makarantarta na tarar da takardun minti cunkushe a aljihu. Na tambaye ta. Yaro bai iya ɓoyo ba. Ta ce Baba ne ke saya mata a hanyar makaranta, ya ce kar ta gaya wa tsohuwa. Ban yi mamaki ba. Na ga yadda yake kallonta in ta langaɓe kai. Mutum ne da ya bar gida tun yana saurayi, uwarsa ba ta taɓa sakar masa fuska ba, ya samu wata uwar da ke hawa cinyarsa. Ba zai iya ba.

Na aje takardun a gabansa bisa tabarma. Tunda na riga na buɗe baki, ban koma magana da jariri ba.

"Takwarata za ni tahiya da ita."

"Inna, makarantarta fa?"

"Goronyo akwai makaranta."

"Wallahi na bari. Daga yau na bari."

"Haka kaf faɗi gaban likita. Uku sunka rage mata, ba ni jiran su zama biyu."

Kaka in ta nemi riƙon takwararta ba a hana ta. Ya san haka, Dije ma ta sani. A tashar mota Dije ta durƙusa ta kwance ɗankwalin yarinyar ta sake ɗaurawa, alhali ɗaurin farko babu abin da ya same shi. Ban taɓa ganin ta taɓa ta a gabana ba sai ran nan. Ta miƙe ta juya baya tana jijjiga jariri wanda ba kuka yake ba. Na san abin da na ɗauke mata. Na ce in an yi hutu Garba zai riƙa kawo ta.

Komowa a bas munka yi. Ummi ta yi kuka har Lome, ta yi barci, ta farka ta nemi biskit a duk inda munka tsaya. Na ba ta gyaɗa da dafaffen ƙwai.

Mun iso Goronyo da hantsi. Kafin in kwance kaya gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Kowace ta shigo da abu a hannu. Wannan lemon kwalba, wannan biskit, wannan alewa mai sanda. Ƙanwata ta ce, "Ai mun san 'yar Gana ba ta shan kunu, shi ya sa." Na tattara su duka a faifai na ɗora bisa rumbu. Na tambayi inda sunka samo su da sauri haka. Sunka dube ni kamar na zauce. Wurin Sani mai tireda mana, a bakin lungunmu.

Na fita na duba. Shekara da shekaru ina wuce tiredar nan zuwa kasuwa, ashana da gishiri kaɗai na san yana sayarwa. Ga su nan rataye jere-jere, irin ledojin da na baro a Ankara, har kalar ɗaya. Yaran unguwa sun yi cincirindo a gaba, kowane da abu a kunci. Ledojin sun riga ni isowa da daɗewa.

Yanzu kowace safiya bayan salla nakan sa ta buɗe baki a hasken ƙofa. Ukun suna nan. Na gaba sababbi sun fito, manya, masu ɗan wushirya irin ta gidanmu. Ramin ɗayan ya rufe da nama, harshenta na yawan zuwa wurin.

Amma tun ranar farko na kama hannunta na kai ta gaban tireda. Sani ya taso da fara'a.

"Inna, an dawo lahiya? Wagga ta 'yar Gana? Bari in ba ta minti."

"Mayar. Ummi, buɗe baki." Na nuna masa ramin da yatsa. "Ka gani? Wanga ba shi komowa. Ran da nij ji ka sayar mata da abin zaƙi, ni da kai ne, har gaban uwarka."

Ya leƙa ya ja da baya. "Subhanallahi. To Inna, in taz zo da kuɗinta fa? Kora ta zan yi?"

"Ka ba ta ƙuli-ƙuli."

"Ai ba ni sayar da ƙuli-ƙuli."

"To ka fara."